Daga Kalkuleta Zuwa Wayar Salula: Nazari Kan Kwamfutocin Hannu na Farko da Hanyar da Suka Bi Zuwa Ƙauyukan Hausawan Jazira

Masu ba da tarihin kwamfutar hannu sun saba farawa daga Kalifoniya ko Tokyo ko Landan, su yi ta bin sunayen kamfanoni har su iso wayar da ke aljihun kowa a yau. Mu a wannan nazari za mu tsaya ne a ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, mu duba wane iri daga cikin waɗannan na'urori ne ya iso hannun jama'ar wurin, da wane suna ya iso, kuma me ya tare sauran a hanya. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa tsimin wuta ne ya yanke hukunci a wannan tarihi, fiye da sauri da fiye da suna, kuma na'urorin da suka fi shahara a littattafai ba su ne suka taka ƙasar Jazira ba.

Ya kamata mu fara gabatar da wurin. Bayan sojojin Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas tare da waɗanda suka tsira, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar wajejen 1906, garin kuwa ya ɗauki sunansa. Fulani da Hausawa da Barebari, mahajjata da masu hijira, suka yi ta taruwa a yankin. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe shirin noman rani na Jazira, wanda bayan faɗaɗa shi zuwa Manaƙil ya haura fadan miliyan 2 (fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne), sai buƙatar masu aikin auduga ta jawo dubban mutanen yamma. Wasu sun samu hawasha, wato gonar da hukumar shirin ke ba manomi ya riƙe, amma mafi yawa sun zauna a kambo, matsugunin 'yan ƙwadago da ke gefen magudanan ruwa, inda wutar lantarki da ruwan famfo suka daɗe ba su kai ba. Mark Duffield, a littafinsa na 1981 kan Mai Wurno, ya nuna yadda fatauci da harkar manyan motoci suka samu gindin zama a garin kusa da noma. Ke nan muna magana ne kan jama'ar da lissafi ya zame mata abincin yau da gobe: guffar auduga, wato kwandonta, nawa aka tsinta, buhun gyaɗa nawa za a raba da mai hawasha, nawa ne bashin shail, wato kuɗin da ɗan kasuwa ke bai wa manomi tun da damina don a biya shi da amfanin gona.

Abin da muke nufi da kwamfutar hannu shi ne na'urar da ta cika sharuɗɗa uku: a iya riƙe ta a tafin hannu ana aiki da ita, ta dogara da batir ɗinta, kuma ta karɓi sabuwar manhaja, wato jerin umarnin da ke koya mata aikin da ba a haife ta da shi ba. Furosesa kuwa ita ce ɓangaren da ke karanta waɗannan umarni ɗaya bayan ɗaya yana zartar da su. Ƙaramin ɓallin silikon ne da aka zana dubban taransista a kansa, taransista kuma makunni ne ɗan mitsitsi wanda wuta ke buɗewa da rufewa. Ana auna furosesa ta fuska huɗu. Ta farko faɗinta, wato yawan bit ɗin da take ɗauka a tashi guda. Bit shi ne mafi ƙanƙantar bayani, sifili ko ɗaya, takwas daga cikinsa su ne bayit, wanda ya isa ya riƙe harafin boko guda, bayit 1,024 kuma kilobayit ke nan. Ta biyu saurin agogonta, wanda ake ƙirgawa da megahaz, bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa. Ta uku tsarin umarninta, wato kalmomin da take ganewa. Ta huɗu, wadda tallace-tallace ba su cika ambata ba, ita ce yawan wutar da take sha.

A kan wannan ta huɗu ya dace mu daɗe. Furosesa ta farko da aka sayar a kasuwa, Intel 4004 ta 1971, mai bit 4 da taransista 2,300, an ƙera ta ne don kalkuletar tebur ta kamfanin Busicom na Japan. Ita da shahararrun da suka biyo ta, irin su 6502 da Z80, an yi su da fasahar da ake kira PMOS ko NMOS, wadda a cikinta wuta ke ci gaba da ratsa ƙofofi masu yawa ko da ba a aikin komai. Akwai wata fasahar, CMOS, da Frank Wanlass ya fito da ita a kamfanin Fairchild a 1963, wadda ke haɗa taransista biyu kishiyoyin juna ta yadda in ɗaya ta buɗe ɗayar ta rufe. Manomin Jazira zai gane bambancin nan da nan: NMOS tamkar magudanar Abu Ishirin ce da bakinta ke yoyo dare da rana, CMOS kuwa ruwa ba ya wucewa sai a daidai lokacin da mai gadin ruwa ke ɗaga ƙofa ko sauke ta. Daga nan ƙa'idoji biyu suka fito waɗanda duk mai ƙera na'urar hannu ya bi. Wutar da CMOS ke sha tana tafiya daidai da saurin agogo, don haka in an rage gudu ko an tsayar da agogon tsakanin danna madanni da danna na gaba, batir ya huta. Sannan tana tafiya da ninkin ƙarfin bolt sau kansa, shi ya sa saukowa daga bolt 5 zuwa 3.3 ke rage shan wuta da fiye da rabi. Tun a 1973 kalkuletar Sharp EL-805, da ta haɗa CMOS da allon LCD, wato allon da ba ya fitar da haske sai dai ya ari na waje, take yin awa 100 da batir ƙwaya ɗaya.

Za mu iya kasa kwamfutocin hannu na farko gida huɗu bisa asalinsu, kafin na biyar ya zo ya haɗiye su. Gidan farko na 'ya'yan kalkuleta ne. HP-65 ta 1974 tana karɓar umarni har 100 a kan ɗan siririn kati mai maganaɗisu, kuɗinta dala 795. Sharp PC-1211 ta 1980, wadda Tandy ya sayar a Amurka da nasa suna, tana da furosesa biyu masu bit 4, da layi ɗaya mai harafi 24, ana kuma rubuta mata manhaja da harshen BASIC. Injiniyoyi da masu safiyo da ɗalibai ne kasuwarta.

Gida na biyu na waɗanda suka gaji littafin ajiyar bayanai ne, kuma a nan kamfanin Psion na Landan, wanda David Potter ya kafa a 1980, ya fi kowa cancantar a tsaya a kansa. Organiser ɗinsa ta 1984 tana ɗauke da Hitachi 6301, furosesar CMOS mai bit 8 da ba ta kai megahaz ɗaya ba, da ma'adanar aiki ta kilobayit 2 kacal, da layi ɗaya mai harafi 16, batir ɗinta kuwa yakan yi watanni. Ta biyu, ta 1986, ita ta shiga hannun ma'aikata da gaske: manyan shaguna irin su Marks & Spencer sun yi amfani da ita, masu ƙirga kaya a sito da masu tattara bayanai a fili su ma haka. Series 3 ta 1991 ta koma furosesar NEC V30 da batir biyu irin na rediyo ƙarami, sannan Series 5 ta 1997 ta zo da sabon zubi na babbar manhajar Psion mai suna EPOC, wadda za mu sake haɗuwa da ita nan gaba. Gida na uku ba sai mun ɓata lokaci a kansa ba. Ƙoƙari ne na matse kwamfutar tebur cikin aljihu da furosesa 'yan gidan Intel, kamar Atari Portfolio ta 1989 mai 80C88 da HP 95LX ta 1991 mai ɗauke da Lotus 1-2-3; harafin C da ke tsakiyar sunan 80C88 alamar CMOS ce, kuma ita ce duk dabarar.

Gida na huɗu na masu tsinken rubutu ne, waɗanda suka jefar da madannai. Newton ta kamfanin Apple ta fito a 1993 a kan dala 699, ta yi alkawarin karanta rubutun hannu kowane iri, ta kasa cikawa yadda ya kamata, aka yi ta yi mata ba'a har aka dakatar da ita a 1998. Jeff Hawkins na kamfanin Palm ya ɗauki darasi. An ce ya riƙa yawo da guntun katako a aljihun rigarsa yana gwada girman da zai dace, sannan maimakon na'ura ta koyi rubutun mutum, sai ya sa mutum ya koyi na na'ura: tsarin Graffiti, kowane harafi da zane guda. Pilot ta 1996, da furosesar Motorola DragonBall mai megahaz 16 da ma'adanar kilobayit 128, tana yin makonni da ƙananan batura biyu, kuɗinta dala 299, kuma an sayar da miliyan ɗaya cikin wata 18. A ganinmu Pilot ce na'urar da ta fi kowacce fahimtar iyakarta.

Amma gadon da Newton ta bari ya fi na Pilot nisa, domin a cikinta akwai ARM610. Asalin ARM daga kamfanin Acorn ne na Kambirij, inda Sophie Wilson da Steve Furber suka zana furosesa mai bit 32 bisa tsarin RISC, wato a taƙaita umarnin su zama 'yan kaɗan masu sauƙi, kowanne a gama shi da wuri. Ta farko ta fara aiki a watan Afrilun 1985 da taransista kimanin 25,000, a shekarar da Intel 386 ta fito da 275,000. Abin lura shi ne ba batir suke tunani ba, don kwamfutar tebur suka yi ta. Sun dai so kada ta yi zafi ne, don a sa ta a gidan roba mai araha maimakon na tangaran, sai suka wuce gona da iri wajen tsimi. Waɗanda suka yi aikin sun sha ba da labarin ranar da suka tarar ba a ma haɗa mata wayar wutarta ba, amma tana aiki da ɗan abin da ke tsiyayowa daga sauran sassan allon. A watan Nuwamban 1990 Acorn da Apple da VLSI suka kafa kamfanin ARM, wanda bai gina masana'anta ba, zane kawai yake sayarwa ga duk mai so. Wannan tsari na ba da lasisi shi ya sa furosesar ta bazu fiye da kowacce.

To me ya hana waɗannan gidaje huɗu zama a Jazira, alhali aikin da ya dace da su yana nan jibge? Shirin Jazira ya ginu ne kan littafin mufattish, wato jami'in da ke duba gonaki, da lissafin manoma fiye da 100,000 da ke ƙarewa a hedikwata a Barakat. Tun 1981 kuma, da aka bar asusun haɗaka aka koma asusun kowane manomi shi kaɗai da kuɗin ruwa da na ƙasa, lissafin ya ƙara yawa. Irin wannan aiki ne aka ƙera Organiser dominsa. Cikas na farko shi ne kuɗi, kuma ba ya buƙatar dogon bayani: na'urar dala 300 ba ta mai tsintar auduga ba ce. Na biyu shi ne Pilot da Newton 'yan rakiyar kwamfutar tebur ne, da ita suke musayar bayanai, a nan ake ajiye kwafin abin da ke cikinsu, inda babu ita kuwa batir na mutuwa komai na iya gogewa. Na uku siyasa ce. A watan Nuwamban 1997 gwamnatin Clinton ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin da ya hana shigar da kayan fasahar Amurka. Ba a sassauta shi kan wayoyi da kwamfutocin amfanin kai ba sai a Fabrairun 2015, aka ɗage mafi yawansa a Oktoban 2017. Zamanin Palm da iPAQ ta Compaq kusan gaba ɗayansa ya faɗa cikin waɗannan shekaru.

Cikas na huɗu shi ne rubutu, kuma shi ya fi shafar Bahaushen Sudan, wanda karatunsa na allo da na makarantar gwamnati duk da haruffan Larabci ne, Hausarsa ma in zai rubuta da ajami ya fi sabawa. Allon na'urorin farko an yanka shi gida-gida, kowane gida ɗigo 5 a faɗi, harafi ɗaya a gida ɗaya, daga hagu zuwa dama. Larabci kuwa daga dama yake tafiya, haruffansa 28 suna haɗuwa da juna, mafi yawansu suna sauya siffa har huɗu gwargwadon matsayinsu a kalma. Nuna shi da kyau yana buƙatar allon ɗigo-ɗigo mai faɗi, da manhajar da za ta zaɓi siffa, da ma'adanar da za ta riƙe siffofin, duk abubuwan da kilobayit 2 ba za ta ɗauka ba. Kamfanin Al-Alamiyya na Muhammad al-Sharikh a Kuwait ya warware matsalar tun shekarun 1980 a kwamfutocin Sakhr masu Z80, amma waɗannan na gida ne, sai da talabijin da wutar soket. Graffiti kuwa don haruffan boko rarrabe aka tsara shi. Har a saƙon waya alamar wannan tarihi tana nan: saƙon boko yana ɗaukar harafi 160, na Larabci 70, kuma duk wanda ya sa ƙ ko ɗ ko ɓ a saƙonsa shi ma ya faɗo 70, don ba sa cikin jerin haruffan da aka tanada tun farko. Ba wai na'urorin ba sa iya hidimar wanda bai yi boko ba ne. A Afirka ta Kudu manhajar CyberTracker ta Louis Liebenberg ta bai wa masu bin sawun dabbobi damar shigar da bayanai a Palm ta hanyar taɓa hotuna tun ƙarshen shekarun 1990. Sai dai wannan ya buƙaci wani ya zauna ya tsara musu.

Abin da ya shigo ba tare da sallama ba shi ne kalkuleta. Bisa ma'anarmu tana bakin ƙofa ne, ba ta cika kwamfuta ba, don umarninta a kulle suke. Duk da haka ita ce furosesa ta farko da ta zauna a teburin ɗan kasuwa a Wad Madani da Sinnar da Sinja, kuma dalilin a fili yake. Tun daga Casio Mini ta 1972 farashi ya yi ta faɗuwa, daga ƙarshen shekarun 1970 aka fara sa mata ɗan gilashin da ke shan hasken rana, lambobi kuma ba ruwansu da dama ko hagu. Tarihin kuɗin Sudan ma ya taɓa ta. A 1992 aka kawo dinari a madadin fam 10, a 2007 aka kawo sabon fam a madadin dinari 100, amma bakin jama'a ya daɗe yana ƙirge da tsohon fam, ana cewa miliyan alhali dubu ake nufi. Kalkuleta mai gurbi 8 tana tsayawa a 99,999,999, wanda da tsohon ƙirge bai kai sabon fam 100,000 ba, shi ya sa mai sayen gyaɗa ko riɗi da yawa ba shi da zaɓi sai mai gurbi 12.

Gida na biyar, na waya, shi ya kawo sauran. An gwada haɗa waya da kwamfuta tun IBM Simon ta 1994 da Nokia 9000 ta 1996 mai furosesar Intel 386, amma abin da ya canza al'amari ƙarami ne. Nokia ta yi shakkar ARM saboda umarnin bit 32 na cin ma'adana mai tsada, sai aka fito da ARM7TDMI mai iya karanta taƙaitattun umarni na bit 16, aka sa ta a Nokia 6110 ta hannun Texas Instruments. Daga nan ta bi 3310 ta shekarar 2000, har zamanin 1100 ta 2003 mai tocila a ka, irin wadda a Kano ake wa laƙabi da raka-ni-kashi, wadda aka sayar da kimanin miliyan 250. A Sudan kamfanin Mobitel ya buɗe layin salula a Hartum a 1997. Areeba ya shigo a 2005 kafin ya koma MTN, Sudani ya biyo baya, Mobitel kuma ya zama Zain a 2007, gasar da ke tsakaninsu ta kai eriya karkara. Nokia 'yar Finlan ce, tana zuwa da Larabci a madannai da allo, tana kwana da kwanaki ba caji, kuma tana da abin da Pilot ba ta da shi, wato dalilin da zai sa talaka ya saya: magana da ɗan'uwa a Jidda ko Gadarif ko Kano, da tura kuɗin kati, wanda a Sudan ya zama hanyar aika kuɗi tun kafin bankuna su farga.

Sharaɗinmu na uku, karɓar sabuwar manhaja, ya cika ne da wayoyin Symbian. A 1998 Psion da Nokia da Ericsson da Motorola suka kafa kamfanin Symbian a kan EPOC, don haka Nokia 6600 ta 2003 da N70 ta 2005 jikokin Organiser ne ta wajen manhaja, 'yan gidan Newton ta wajen furosesa. Da su katin memori da Bluetooth suka yaɗu, karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙin Hausa suka riƙa tafiya daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba.

Wayoyin Samsung da Huawei da Tecno da suka gaje su duk a kan zanen ARM suke, kuma manhajar Bankak ta Bankin Hartum ta mayar da su jakar kuɗi. Sai dai ta fuskar da muka ɗauka a wannan nazari, an ci gaba an kuma koma baya. Furosesar yau tana yin lissafi guda da ɗan mitsitsin wutar da DragonBall ke buƙata, amma babban allo mai haske da eriyar da ba ta barci sun cinye ribar, makonnin Pilot suka dawo yini guda. Dogaro da sabis ma ya zama rauni. Bayan dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan sun kama Wad Madani a Disamban 2023, layukan waya suka ɗauke a faɗin ƙasar a Fabrairun 2024, suka kuma daɗe ba su dawo Jazira ba. Mutane suka koma biyan kuɗin awa a wuraren da ke da intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink don su buɗe Bankak, suna kai wayoyinsu caji wurin masu faifan sola. A irin wannan hali ƙaramar waya mai madannai, ta Nokia ko itel, wadda ƙarfinta bai fi na kwamfutocin hannu na ƙarshen shekarun 1990 da yawa ba, ita ce ke kai mako da caji guda, shi ya sa har yau ba ta bar kasuwa ba.